Kwamfutata ta yi nauyi: yawan manhajoji ne ko ƙarancin memori?

Mai Shagon Buga Takardu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masana ku taimaka min, na rasa maganar wa zan ɗauka. Ina da ɗan shago na buga takardu da haɗa katin biki da na suna, kuma laftop ɗaya ce jarina, ta hannu na saye ta shekara 3 da suka wuce. Da farko ba ni da ƙorafi a kanta. Yanzu kuwa in na kunna ta da safe sai na share shago, na goge firinta, na jera takardu, sannan ta yarda in buɗe wani abu. Jiya wani bawan Allah ya kawo takardar neman aiki shafi ɗaya tak, ya tsaya a kaina kusan minti 20, ƙarshe ya karɓi filash ɗinsa ya wuce shagon gaba. Abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Ƙanena ya ce manhajoji da finafinai ne suka yi mata yawa, in goge su. Mai gyaran unguwarmu ya ce ba haka ba ne, memori ne ya yi kaɗan, in kawo kuɗi a ƙara. Wa ke da gaskiya? Ba na son kashe kuɗi a banza, ba na kuma son goge kayan aikina.

Ɗalibin Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kai a yi mata fomatin kawai. Tawa ma haka ta yi, da aka wanke ta aka sake ɗora Windows sai ta dawo kamar sabuwa.

Injiniya Mai Gyara:
Ƙanena, a yi haƙuri da maganar fomatin tukuna. Ba a yi wa mara lafiya tiyata kafin a auna shi. Hajiya, ki danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. Ki shiga Performance ki faɗa mana kashi nawa aka rubuta a CPU, wato furosesa, nawa a Memory, nawa a Disk. Ki duba a lokacin da take cikin nauyin, ba lokacin da take hutawa ba. Sannan ki faɗa mana irin furosesar, da girman RAM, da kuma ko had-disk ne a ciki ko SSD.

Malamin Kwamfuta:
Kafin Hajiya ta dawo, bari in gyara wata kalma, don ita ce tushen ruɗanin. Mu a nan komai memori muke ce masa. Katin da ake sa wa waya memori, cikin waya memori, RAM ma memori. Alhali abu biyu ne da ba su haɗa hanya ba.

Ku ɗauki gidan da ake daka. Akwai rumbu, akwai turmi, akwai mai daka. Rumbu shi ne ma'ajiya, wato had-disk ko SSD, inda hotuna da finafinai da manhajoji ke kwance ko an kashe na'ura. Turmi shi ne RAM, abin da ake aiki a kansa yanzu-yanzu ne kaɗai ke shiga, kuma da an ɗauke wuta ya koma wayam. Mai daka ita ce furosesa. To damin geron da ke jibge a rumbu ba ya rage wa mai daka ƙarfin hannu, ko dami 10 ne ko 100. Abin da ke ɓata mata lokaci shi ne ƙaramin turmi, ta zuba kaɗan, ta kwashe, ta koma rumbu, ta dawo. In rumbun kuma yana can bayan gida, ƙofarsa ƙarama, rabin yinin a hanya zai ƙare.

Saboda haka manhajar da aka saka aka bar ta a kwance ba ta cin sauri. Wadda ke aiki ce ke ci.

Mai Zanen Fosta:
Malam, misalinka ya yi kyau, amma ban yarda da ƙarshensa ba. Na sha gani da idona, sabuwar kwamfuta tana gudu, a loda mata manhajoji 30, ba a buɗe ko ɗaya ba, amma ta koma tafiyar hawainiya. In ba sa cin sauri a kwance, me ya kawo haka?

Malamin Kwamfuta:
Tambayarka ita ce zuciyar maganar. Matsalar ita ce da yawansu ba a kwance suke ba, kai ne kake zaton suna kwance. Manhajoji da dama in ka saka su sai su rubuta sunansu cikin jerin abubuwan da za su tashi tare da Windows. Wannan na leƙen ko an fitar da sabon zubi, wancan na jiran a jona waya, wani na tura fayiloli intanet, wani na firintar da ka daina amfani da ita tun bara. Ba ka ga tagarsu a allo ba, amma kowanne ya zuba nasa a turmin. Ka duba Startup a cikin Task Manager ɗin kwamfutar da kake magana za ka gan su a jere. A Windows 7 kuma msconfig ake rubutawa a gan su. Kundin Alƙur'ani ko ƙamus da ke zaune sai ka buɗe shi, ko guda 50 ka saka ba za ka ji komai ba. Amma manhaja 5 masu tashi da kansu sun isa su durƙusar da na'ura mai gig 4.

Mai Shagon Buga Takardu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na gani, na buɗe CorelDRAW X7 da Word da Chrome kamar yadda na saba. CPU na yawo tsakanin 15 zuwa 30. Memory 89. Disk kuwa 100 ne, ya ƙi sauka sam. Furosesar an rubuta Core i5-3320M, RAM gig 4, had-disk ne mai gig 500, Windows 10. A Startup na ƙirga abubuwa 17, wasu ban ma san su ba.

Injiniya Mai Gyara:
Alhamdu lillahi, ga cuta ta bayyana. Furosesarki zaman jira take yi, ba ita ce ta gaza ba. Zubi na 3 ce, ta 2012, amma ga aikin buga takardu har gobe tana da sauran ƙarfi. Disk ɗin nan mai 100 shi ne ya shaƙe ki. Shawarata ki sa SSD. A shagona babu gyaran da ke sa mai kwamfuta ya yi murmushi nan take kamarsa.

Ga dalili. Had-disk faifai ne na gaske yake juyawa a ciki, na laftop galibi sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura mai kai da kawowa tana neman inda aka ajiye abu. Duk nema ɗaya kan ci kusan kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. Kamar ba komai ba ne, amma Windows in zai tashi ƙananan fayiloli dubbai yake kira. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, neman da faifai zai yi sau ɗaya shi ya yi kusan sau 100. Wajen kwasar babban fayil kuma, faifan laftop yana kaiwa wajen megabait 100 a daƙiƙa, SSD na SATA yana haura 500.

Malamin Kwamfuta:
Injiniya, ina girmama ƙwarewarka, amma a nan na saɓa maka kan wanne za a fara. Ka tambayi kanka me ya sa faifan ya kai 100. Dubi Memory, 89. Idan RAM ya cika, Windows ba ya cewa ya gaji, sai ya riƙa kwashe wani ɓangare na abin da ke ciki yana zubawa a wani fayil a kan faifai mai suna pagefile.sys, in an buƙace shi ya sake ɗebowa. Wato ya mai da rumbu turmi. Duk lokacin da Hajiya ta tsallaka daga Corel zuwa Chrome, wannan kwashe-kwashen ake yi. Ƙarancin RAM ne ya jawo wa faifan wahala. A ƙara gig 4 ta zama 8, faifan zai samu sararin numfashi. Ko SSD ɗin ma bai kama ƙafar RAM a sauri ba, nesa ba kusa ba.

Injiniya Mai Gyara:
Malam, a littafi maganarka daidai ce, ban musa ba. Amma ka koma kan ƙorafinta na farko. Ta ce in ta kunna sai ta share shago kafin ta tashi. A lokacin ba ta buɗe Corel ba, ba ta buɗe Chrome ba, RAM bai cika ba. Ko gig 16 ka sa mata, tashin nan daga faifai za a karanto shi. Na sha ƙara wa mutane RAM a kan tsohon faifai su dawo bayan kwana 2 suna cewa ba su ga bambanci ba. Ban taɓa sa wa mutum SSD ya dawo da wannan maganar ba. Kuma faifan da ya shekara sama da 10, wanda ya sha girgizar mota da ɗauke wuta, wataƙila ma ya fara mutuwa. Hajiya, in kina jin wani ƙas-ƙas daga gefen laftop ɗin, yau ɗin nan ki kwafe ayyukan mutane zuwa wani wuri.

Baba Tsohon Akawu:
'Ya'yana, ina bin muhawararku ina ƙaruwa. Ni tambayata daban ce. Lokacin da aka kawo mana Windows XP ofis, kwamfutar da nake lissafin albashi da ita RAM ɗinta megabait 256 ne, kuma muna aiki lafiya. Yanzu ga yarinya da gig 4, ninki 16 ke nan, wasiƙa take bugawa irin wadda muke bugawa, ana cewa bai isa ba. Ina ƙarfin yake tafiya?

Malamin Kwamfuta:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. XP da ya fito a 2001 megabait 64 ne mafi ƙarancin abin da yake nema, 128 aka fi so. Windows 10 mai bit 64 yana neman gig 2, Windows 11 da ya fito a 2021 yana neman gig 4, kuma wannan na ya tashi ya tsaya da ƙafarsa ne kawai, ba na aiki cikin walwala ba. Wani ɓangare na ƙarin halal ne, an ƙara tsaro, hotuna da bidiyo sun ƙara girma, shafin intanet na yau shi kansa manhaja ce guda. Wani ɓangaren kuma sakaci ne na masu rubuta manhaja, sun ga na'urori sun yi ƙarfi sai suka daina tattali. Tun a 1995 Niklaus Wirth, masanin nan ɗan Suwizalan da ya ƙirƙiro yaren Pascal, ya koka cewa manhajoji na ƙara nauyi fiye da yadda na'urori ke ƙara sauri. Yau manhajojin hira irin su Slack da Discord kowacce tana ɗauke da cikakken injin birauza a cikinta. Apple ma a ƙarshen 2024 ya mai da gig 16 mafi ƙaranci a kwamfutocin da ya fitar a lokacin.

Baba Tsohon Akawu:
Na gamsu. Allah ya yi albarka.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ku duka kuna maganar abin da ke cikin allo, ba wanda ya tambayi Hajiya yaushe rabon da a buɗe cikin laftop ɗin. Mu nan ƙurar hunturu da zafin bazara su ne manyan abokan gaba. Na buɗe wata kwanan baya, tsakanin fanka da ƙarfen da ke fitar da zafi na zaro wani dunƙulen ƙura kamar audugar katifa, ya toshe hanyar iska ɗungurum. Furosesa in ta ji zafi ya kusa kai mata iyaka, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Mai ita ya ɗauka tsufa ne. Muka hure, muka goge tsohon man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen fitar da zafi, wanda ya bushe ya zama kamar alli, muka shafa sabo, sai ga ta ta miƙe. Hajiya, ki sa hannu a gefen da iska ke fita. In fanka na ihu amma iskar ba ƙarfi, a buɗe a share. Kuma kada ki riƙa ɗora ta a kan darduma ko filo.

Mai Shagon Buga Takardu:
Wallahi tun da na saye ta ba a taɓa buɗe ta ba, kuma shagona bakin titi yake. Fankar kam tana ƙara sosai. Ƙas-ƙas ɗin da Injiniya ya ambata ban ji ba, amma na fara kwafe ayyukan. Sai dai ba a ba ni amsar finafinan ba. Ƙanena na nan kusa da ni yana jira, ya ce shi dai ya san su ne. Layin da ke ƙarƙashin C, ɓangaren faifan da Windows ke ciki, ya koma ja, saura gig 21.

Malamin Kwamfuta:
To ki gaya wa ƙanenmu yana da rabin gaskiya. Fim ɗin da ke kwance ba ya taɓa RAM, ba ya taɓa furosesa. Amma Windows na buƙatar fili a C, don pagefile ɗin da na ambata, da fayilolin wucin gadi, da sabuntawa. Layin nan yana komawa ja ne in abin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin 100. A kan faifai mai juyawa kuma, in wuri ya ƙure sai a riƙa yanka sabon fayil gunduwa-gunduwa ana cusawa duk inda aka samu gurbi, allura ta yi ta zarya kafin ta haɗo shi. Don haka daga rabi zuwa kashi 70 ba za ki ji bambanci ba, amma in ta kai maƙogwaro za ki ji. Ki kwashe finafinan zuwa wani wuri ki bar kamar kashi 15 zuwa 20 a sake. Kada dai ya sa ran wannan kaɗai zai warkar da ita.

Ɗalibin Samaru:
Akwai wata manhaja da nake amfani da ita mai ƙara sauri, kana danna maɓalli ɗaya sai ka ga RAM ya sauka daga 80 zuwa 40. Tana share rajistiri ma, wato kundin saitunan Windows. In Hajiya na so in turo mata.

Injiniya Mai Gyara:
Don Allah ƙanena kada ka tura. Ba faɗa nake maka ba, ni ma na yi amfani da irinsu a da kafin in gane. Abin da take yi shi ne ta tilasta wa Windows ya kwashe abin da ke RAM ya zuba a faifai. Lambar ta sauka, ido ya ji daɗi, amma da ka taɓa manhajarka sai an sake ɗebowa daga faifan nan mai nauyi. Ita kanta kuma ta zauna a Startup tana cin nata rabon. RAM da ke zaune babu komai ba riba ba ce. Windows da gangan yake ajiye abubuwan da ka saba buɗewa a ciki don su zo da wuri, in an buƙaci wurin ya sake shi. Share rajistiri kuwa, Microsoft da kansa ya ce ba ya goyon bayan amfani da waɗannan manhajojin, kuma na gyara kwamfutoci da dama da suka daina tashi ta dalilinsu.

Ɗalibin Samaru:
Na gode Yaya, ban san haka ba. Zan cire ta.

Mai Zanen Fosta:
Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ba a son faɗa. Yawancin manhajojin da ke kwamfutocinmu fasassu ne, daga filash ɗin masu lodi. Na taɓa karɓar wata manhajar zane a haka, daga ranar fankata ba ta ƙara yin shiru ba, ko ba na komai CPU na sama da 90. Da na buɗe Task Manager sai ya sauka, da na rufe ya koma. Ashe wani abu aka liƙa a ciki yana haƙar kuɗin intanet da na'urata da wutata, wani can yana kwasa. Ba ni kaɗai ba ne, a 2021 kamfanin Avast ya fallasa irin wannan mai suna Crackonosh, da ake ɓoyewa cikin fasassun wasanni yana haƙar kuɗin intanet mai suna Monero, har yana kashe kariyar Windows. Wannan ita ce manhajar da aka saka mai cin sauri da gaske. Hajiya, tunda CPU ɗinki bai wuce 30 ba da alama kin tsira daga wannan, amma mai karɓar filash ɗin jama'a kullum sai da kariya.

Mai Shagon Buga Takardu:
Kariya kam ina da ita har biyu. Mai gyara ya sa min ɗaya, ƙanena ya ƙara wata saboda cutar nan mai mai da fayilolin filash su zama shotkat.

Injiniya Mai Gyara:
To ga wani ɓarawon saurin. Masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, duk fayil ɗin da kika taɓa sai wannan ya caje shi, wancan ya caje shi, wani lokacin ma su caje juna. A kan faifai mai juyawa wannan kaɗai ya isa ya kai Disk 100. Windows 10 yana zuwa da nasa, Defender, wanda ke ja da baya in an sa wani, ya dawo aiki in an cire. Ki bar ɗaya tak, wanda ake sabuntawa. Wanda lasisinsa ya ƙare tun shekara 2 nauyi kawai yake ƙara miki.

Shugaban Zaure:
Jama'a muhawara ta yi armashi, amma kada mu cika Hajiya da bayani. Injiniya da Malam, ku daidaita mana, in kuɗin abu ɗaya gare ta, me za ta fara saya?

Malamin Kwamfuta:
Kafin a sayi komai akwai abu ɗaya da ya kamata in tambaya tun farko. Hajiya, ki shiga Settings, System, About. Me aka rubuta a gaban Installed RAM, me aka rubuta a gaban System type?

Mai Shagon Buga Takardu:
An rubuta 4.00 GB, sai a gefe an ce 3.40 ne ake iya amfani da shi. A ƙasa kuma an rubuta 32-bit operating system, x64-based processor.

Malamin Kwamfuta:
Allah ya taimake ki da ba ki kai kuɗin ba. Windows mai bit 32 ba ya iya ganin abin da ya wuce gig 4, a cikin 4 ɗin ma sai an yanke wani abu an ba sauran kayan na'ura, shi ya sa kika ga 3.40. Da an ƙara miki RAM yau, ko gig 16 aka cusa, a 3 da 'yan kai za ki tsaya. Furosesarki mai bit 64 ce, wanda ya yi miki lodi ne ya ɗora wanda bai dace ba. Kuma ba a tsallakawa daga 32 zuwa 64 sai an sake ɗora Windows daga tushe.

Injiniya, a nan na sauko. Tunda dole a sake ɗora Windows, asara ce a ɗora shi a kan tsohon faifai. A fara da SSD, a sa mai bit 64. Amma ina nan kan bakana cewa gig 4 ba zai riƙe Corel da Chrome tare ba, mai bit 64 ma ya ɗan fi cin RAM. Da ta samu hali ta ƙara.

Injiniya Mai Gyara:
A kan wannan ba mu da saɓani, Malam. Hajiya, ga abin lura wajen saye. SSD mai inci 2.5 na SATA za ki nema, ba siririn nan na NVMe ba, irin laftop ɗinki ba ta da gurbinsa. Gig 256 ya ishe ki aiki. Tsohon faifan a sa shi a 'yar kwalinsa ta USB ya zama ma'ajiyar finafinai da tsofaffin ayyuka. RAM kuma DDR3 ne na laftop, DDR4 ba zai ma shiga ramin ba don tsagar ba wuri ɗaya take ba. A zaro wanda ke ciki a karanta takardar da ke jikinsa, PC3 ne ko PC3L, a samo irinsa. In guda ɗaya ne mai gig 4 kuma akwai rami na biyu a sake, ƙara ɗan'uwansa ya fi, don biyu na aiki kafaɗa da kafaɗa, har ɓangaren hoto ya amfana tunda daga RAM yake ɗiba. In kuwa 2 da 2 ne a ciki, sai an cire. Ki tsaya a wurin a sa a gabanki, ki buɗe About ki ga ya nuna 8.

Abu na ƙarshe, ga masu karatu ba Hajiya kaɗai ba. Ba kowace laftop ke karɓar wannan gyaran ba. Ƙananan nan masu Celeron da ma'ajiyar eMMC mai gig 32 ko 64, galibi RAM ɗinsu a narke yake jikin allon ciki, ba a ƙarawa. Ku tambaya kafin ku saya. Sannan ku kula da caja. Laftop ɗin Dell suna tantance cajar da aka jona musu, in ba su gane ta ba ko ƙarfinta bai kai ba, sai su rage gudun furosesa su ƙi cajin batir. Mutum ya yi ta zargin manhaja alhali cajar bogi ce.

Ɗan Maraɗi:
A ƙara da maganar Windows ɗin kansa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na 8 yake farawa, da ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, na Hajiya bai kai ba. Ni tsofaffin da ke hannuna Linux Mint nake sa musu, yana tafiya da gig 4 ba wahala.

Mai Zanen Fosta:
Ɗan'uwa, Linux na da kyau ga mai lilo a intanet da rubutu, amma abincin Hajiya a Corel yake, shi kuma ba a yi shi don Linux ba. Ga direban firinta, ga fayilolin Word na kwastomomi da ke wargajewa in an buɗe su a wata manhaja. Ta zauna a Windows 10 ɗin ta yi hattara da abin da take saukewa, tana tara kuɗin wadda ta fi ta a hankali.

Mai Shagon Buga Takardu:
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana 9, don na ga bai kamata in yi shiru ba bayan wahalar da kuka sha. Na bi abin daki-daki don in san me ya yi aiki. Ranar farko na kashe 13 daga cikin 17 ɗin Startup, na cire kariya ɗaya, ƙanena ya kwashe finafinansa. Da agogon waya na auna, tashi ya sauko daga minti 6 zuwa wajen 3 da rabi, ban kashe ko sisi ba. Sai na kai aka buɗe ta, ƙurar da aka fitar ni kaina na ji kunyar na'urar, fanka ta yi shiru. Ranar Asabar aka sa SSD da Windows mai bit 64, yanzu kafin in gama ajiye jakata ta tashi, daƙiƙa 25 na ƙirga. Amma Malam ya yi gaskiya, da na haɗa Corel da Chrome Memory ya koma sama da 90, tana ɗan tsayawa in na tsallaka. Shekaranjiya aka ƙara gig 4, ramin na biyu dama a sake yake, yanzu a wajen 60 yake zama.

Saura abu ɗaya. In ina fitar da babbar bana daga Corel, irin mai ƙafa 10, har yanzu tana ɗaukar lokaci, kuma na duba, CPU ne ke kaiwa 100, Disk da Memory suna ƙasa. In ƙara RAM zuwa 16 zai taimaka?

Injiniya Mai Gyara:
Madalla da wannan rahoto Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. A'a, kada ki ƙara. Tunda Memory na 60, akwai sauran wuri, ƙarin ba abin da zai yi. Yanzu mai dakan ce ta kai iyakar ƙarfinta, cibiyar aiki (core) 2 kawai gare ta. Ki tabbata tana jone da wuta lokacin fitar da banar, ki matsa alamar batir zuwa Best performance, ki rufe Chrome. Sannan ki duba hotunan da kike sawa, bana da za a kalla daga nesa ba ta buƙatar dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, irin na katin biki, 100 zuwa 150 ya wadatar, ki tambayi masu buga miki nawa injinsu ke so.

Mai Shagon Buga Takardu:
To zan tambaye su gobe in sha Allah, dama akwai banar walima da zan kai musu da safe.